A Daina Yaba Zakarun Alhaji Isufu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu nazarin halittu a nan Dubai, Dakta Lawal, tare da iyayena da yayyena 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin asibiti, ina neman afuwa tun kafin in fara. Ni ne Nasiru, ƙaraminku, wanda ya gama karatun kimiyyar dabbobi bara, kuka ɗora shi a kan awon kaji. Na yi maka wannan magana sau biyu a mota, duka biyun ka yi dariya ka ce in kwantar da hankalina. Na gwada, bai kwanta ba. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta, domin tiren da zan yi magana a kansa ba kai kaɗai ka sa hannu a ciki ba.

Saboda 'yan ƙungiya da ba su taɓa zuwa gonar ba, bari in faɗi yadda aikin yake. Alhaji Isufu dattijo ne ɗan Damagaram, mai siton kaya a Al Qusais. Yana kiwon kaji a gonar wani abokinsa Balarabe a bayan gari. Ya daɗe yana zaga kasuwar tsuntsaye ta Sharjah, duk kazar da ta yi kama da ta gida sai ya saya. A cikinsu akwai durgu, wato masu gajerun ƙafafun nan. Shi ne ya gaya mana ya lura in aka haɗa zakara durgu da kaza durgu, wasu ƙwayayen ba sa ƙyanƙyashewa, ɗan tsakon yana mutuwa a ciki, amma in kazar doguwa ce ba a ganin haka. Littattafanmu sun ce abin gado ne. Sai aka yi yarjejeniya: shi ya ba da kaji da akurki da idon da ya saba, mu mu kawo awo da rubutu, sunansa da namu su fito tare. Nawa aikin shi ne in sa wa kowane zakara zobe mai launi a ƙafa, in auna shi, in ware shi da kajinsa, in bi ƙwan. Wannan aiki shi zan nuna wa jami'a in nemi gurbin digiri na biyu. Ba ni da wani.

Na farko. Da muka fara, zakarun durgu biyar ne: mai jan zobe, mai shuɗi, mai kore, mai rawaya da mai fari. Yau saura mai fari. Ba cuta ce ta ɗauke su ba, ba muzuru ba, ba kuma zafin garin nan ba, don na duba duka ukun. Kowannensu ya ɓace ne a ranar da kwamiti ya kai ziyara.

Na biyu, yadda abin yake faruwa. Mukan isa bayan sallar Juma'a, a zaga akurki. Sai wani babba a cikinku ya tsaya, ya nuna zakara da yatsa, ya ce masha Allah. Alhaji yana tsaye a baya, sai ya dubi mai kula da gonar. Mu koma inuwa mu zauna ana ta bayanin yadda gado yake tafiya daga uwa da uba, can sai ga tire.

Mai jan zobe kai ka ɗaga shi da hannunka, Dakta, kana nuna mana faɗin ƙirjinsa. Ban gane komai ba a ranar sai da na je wanke hannu na tarar da zoben a gefen famfo. Mai shuɗi kuwa Injiniya Bello ne ya ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe da ta baya. Ina yi masa godiya, domin hotunan nan su ne kaɗai abin da ya rage mana na wannan zakara. Mai kore ba a ma yabe shi sosai ba, ma'ajinmu ne kawai ya tambaya ko shekararsa nawa. Kafin ziyara ta huɗu na roƙe ku a mota kada kowa ya nuna komai, kuma kun cika alkawari, kun wuce akurkin hannuwa a baya kamar masu gaisuwar mutuwa. Amma a zaman da ya gabata ka riga ka faɗa, kana tsotsar ƙashi, cewa naman durgu ya fi na sauran taushi. Alhaji ya riƙe maganar. Ranar bai jira yatsan kowa ba, tun kafin mu iso an fige mai rawaya.

Na uku, ban ga laifin Alhaji ba, kuma ina roƙon kada a karanta wannan takarda a ce na gani. Mutum ne da ya tashi a gidan da baƙo ba ya yaba abu ya tafi ya bar shi. A wurinsa zakaran da likita ya tsaya a gabansa ya riga ya zama na likita, abin da ya rage kawai shi ne da miya za a kawo ko a gasa. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, na yi ta kewaye-kewaye har na kai ga cewa waɗannan na bincike ne. Ya dafa kafaɗata ya ce da Hausarsu ta Nijar, inda ake kiran likita Lokotoro, "Bon, ɗana, tunda Lokotoro ya yaba, halas. Wasu za su ƙyanƙyashe." Ni sa'an ɗansa ne. Ba ni da bakin da zan ce wa dattijo kada ya karrama baƙinsa a wurinsa. Abin da na iya kawai shi ne na koma cin shinkafa zalla in an kawo tire. Shi kuma ya ɗauka gyambon ciki ke damuna, har ya aiko mini da zuma masaukina a Al Nahda.

Na huɗu, babu inda za a samo madadi. Na je kasuwar Sharjah ba sau ɗaya ba, na yi ta kwatanta gajeren zakara da hannu har masu shaguna sun fara ganina suna dariya, ban samu ba. Daga gida kuwa, yanzu da ake fama da murar tsuntsaye, ko ƙwai ba wanda zai bari a shigo da shi. Ƙwan da muka tara daga zakarun da suka riga mu gidan gaskiya bai isa a ce komai a kansa ba. Mai fari kwanan nan na haɗa shi da kajinsa. Ina bukatarsa da rai har su yi ƙwai su kwanta su ƙyanƙyashe, aƙalla zagaye biyu.

Abin da ya sa ban jira taron wata ba shi ne saƙon da ka aiko wa ƙungiya, cewa ranar Juma'ar nan za ka kai baƙonmu Farfesa gonar, ka nuna masa durgun da muke nazari. Jiya Alhaji ya kira ni a waya yana tambaya ko Farfesa yana son yaji. Tun lokacin ko shinkafar ba ta shiga.

Don haka ga roƙona, cikin ladabi.

Ka kira Alhaji da kanka kafin Juma'a, babba da babba. Ka gaya masa mai farin zobe amana ce ka ba shi ajiya har aiki ya ƙare. Na lura abin da bai yarda da shi da sunan bincike ba, zai yarda da shi da sunan amana, kuma ba zai yanka ajiyar wani ba ko da sarki ne ya zo.

A sanar da Farfesa tun a mota. In ya ga zakaran ya burge shi, ya yi masha Allah a zuci, Allah yana ji.

In kuma an ga ba zai yiwu a je gidan mutum a fito ba a yaba komai ba, to akwai wani tsohon talo-talo a bayan rumbun hatsi. Ba ya cikin bincikenmu ta kowace fuska, na tabbatar. Duk lokacin da na sunkuya awo sai ya zagayo ya sare ni a baya, ya riga ya yaga mini wando guda. Yana da girma, yana da kyan gani, zai ishi kwamiti har a yi guzuri. A gabansa nake roƙon Farfesa ya tsaya, ya nuna shi da yatsa, ya yaba da ƙarfi yadda Alhaji zai ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da mu ƙanana. Allah ya yalwata wa Alhaji Isufu, ya albarkaci kiwonsa. Shi kuma mai farin zobe, Allah ya nuna masa Asabar.

Wassalam.

Ɗanku,
Nasiru, mai awon kaji,
Al Nahda.