Rasuwar Injiniya Aukje Hoogterp, Uwar Tashoshin Famfo Goma Sha Ɗaya

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mahalicci, Hukumar Kula da Ruwa da Madatsu ta Yankin Skarrewier ta samu labarin rasuwar tsohuwar Babbar Injiniyarta, Uwargida Aukje Hoogterp, wadda ta cika da safiyar Talata a gidanta da ke ƙauyen Easterwier, tana da shekara saba'in da tara, bayan gajeriyar jinya. A madadin Mai Girma Shugaban Hukuma, Injiniya Tjalling Roorda, da mambobin majalisar gudanarwa, da ma'aikata na yanzu da na da, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, tsohon shugaban makarantar firamare Malam Sipke Hoogterp, da 'ya'yansu Dakta Marrit da Kyaftin Jelle, da jikoki biyar, da duk mazaunin wannan ƙasa tamu da teku ya fi ta tudu.

Marigayiyar ta kama aiki da mu a shekarar 1978, lokacin da Hukumar ta sayo na'urorin farko masu sarrafa famfunan kwashe ruwa da kansu, aka jera su a ɗakin ajiya babu wanda ya san yadda ake yi musu magana. Ita ce ta sani. Kayan aikinta akwati ne guda mai nauyin kilo goma sha tara, da madannai masu tauri da ɗan koren gilashi da bai wuce tafin hannu ba, wanda ba ya nuna sai layi ɗaya a lokaci guda. Da shi take shigar da umarni, lamba bayan lamba, sannan ta adana aikin a kaset irin na waƙa, ta zauna minti bakwai tana sauraron tsuwarsa. In zaren ya harɗe, ta sa fensir ta naɗe shi. Saboda yawan tari da gunagunin akwatin nan ma'aikata suka raɗa masa suna Kaka.

Ba a tarbe ta da tafi ba. Tsohon mai gadin tashar Swarte Syl, marigayi Harm Bouma, da ya ga ta shigo tana nishi da akwatin, cewa ya yi, "'Yar nan, wannan rediyon naki ne zai san ruwa ya taso? Ni gwiwata ce ke gaya mini." Ta ajiye kayanta ta ce, "To, Baba Harm, zauna ka faɗa mini abin da gwiwar ke cewa, ni kuma in rubuta." Mako uku ta yi tana bin sa, har ta fahimci cewa idan iska ta juyo daga arewa maso yamma yakan tayar da famfo na biyu tun kafin ma'aunin ruwa ya motsa. Ta zuba wannan sani a cikin na'urar yadda ya faɗe shi, kuma haka ta yi da masu gadin sauran tashoshi goma, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara shida.

Ya zama wajibi mai sa hannu a wannan sanarwa ya faɗi abin da ya shafe shi. A shekarar 2009, da marigayiyar ta ajiye aiki, ni ne jami'in kayan aiki, kuma ni na sa hannu a takardar da ta ce a kai akwatin nan bola, don an riga an sabunta tashoshi goma, saura Swarte Syl kaɗai ke jiran layi. Ta same ni a ofis ta ce, "Rinse, ba a jefar da kaka. In ba ku da wurin ajiye ta, ni ina da shi." Ta sa shi a bayan motarta ta tafi, ni kuwa na yi dariya.

Bayan shekara uku, a watan Janairu, aka kwana tara ana ruwa ba sassauci. Da hantsin ranar ta goma wuta ta ɗauke a Swarte Syl, da ta dawo sai aka tarar ɗan batirin da ke riƙe wa na'urar ƙwaƙwalwarta ya mutu tuntuni, ta farka ba ta san komai ba. An samu an tayar da famfo ɗaya da hannu, sauran ukun suka ƙi, ruwa kuma yana hawa. Gonaki sittin da biyu ne a ƙarƙashin tashar, kuma an yanke cewa in ƙarfe huɗu ta yi ba a gyara ba, za a fara kwashe mutane da shanu. Injiniyoyinmu sun zo da sababbin kwamfutoci, amma babu ko ɗaya da ke da bakin da zai shiga tsohuwar na'urar. Dole na buga wa marigayiyar waya, na roƙe ta aron Kaka.

"Wace Kakar?" in ji ta. "Wadda ka tura bola?" Sannan ta ce, "Turo tarakta, hanyarmu ta cika."

Ta iso da akwatin, tare da maigidanta. Kaset ɗin ya sha danshi, ya ƙi. Sai ta ciro wani tsohon littafi mai baƙin bango inda ta rubuta umarnin tashar da hannunta, layi ɗari shida da arba'in. Idonta ya riga ya raunana, don haka Malam Sipke ya riƙa karantowa, ita tana bugawa, mu kuma muna tsaye ruwa na lasar matakalar ƙofa. Waɗanda ke wurin ba za su manta da muryarta ba: "Sipke, ɗaga murya! Karanta kamar kana aji, ba kamar kana coci ba." Can ya karanto takwas, ta dakata ta ce uku ne. Ya ce, "Aukje, shekara arba'in ina duba rubutun yara, takwas ne." Ta ce, "Rubutuna ne, malam, uku ne." Uku ɗin ne kuwa. Ƙarfe uku da minti ashirin famfunan suka tashi bi da bi, ginin ya ɗauki rawa, kuma ko saniya ɗaya ba a fitar daga garke ba. Manoma suka yi ta rungumar juna. Ita kuwa tambaya ta yi ko akwai sauran gahawa a buta.

Hukumar na godiya ga Allah da Ya ba mu aron wannan baiwa tasa shekara talatin da ɗaya a bakin aiki, tana kuma godiya ga iyalinta da suka yi haƙuri da ranakun hutu masu yawa da ruwa ya ƙwace musu. Muna roƙon Allah Ya ba ta hutawa, Ya ba Malam Sipke da 'ya'ya da jikoki ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, Ya sa halinta na gari ya bi zuriyarta. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya a cocin Easterwier, daga nan a taru a zauren ƙauye.

Majalisar gudanarwa ta so a tsayar da famfunan dukan tashoshi na minti ɗaya a lokacin da za a sa ta a makwancinta. Da muka kai wa Malam Sipke wannan shawara, sai ya ce, "Ku tsayar? Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana hana su tsayawa? Ku rufa mini asiri, ku bar su su yi aikinsu." Hukumar ta karɓi gyara. Ranar Asabar, duk famfunanmu za su kasance a kunne.

Sa hannu:
Rinse Kooistra
Kakakin Hukumar Kula da Ruwa da Madatsu ta Yankin Skarrewier