Hotunan Mahaifiyarki Suna Nan

Zuwa ga Arlene, sanyin idona, inuwata a ranar zafi, wadda nake gane takunta tun daga bakin ƙofa, matata ta shekara talatin da huɗu,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Ki gaida mini yayarki Bernice, ko da yake na san tana jin daga wurina wasiƙar take za ta taɓe baki, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba.

Na gaji, Arlene. Gwiwoyina sun gaji, bayana ya gaji, na gaji da dafa kofi na mutum biyu ina zubar da rabi. Wata biyar ke nan da kika ɗauki jakarki kika tafi gidan yayarki a Peoria. Kogi ya koma makwancinsa kamar ba shi ya yi ɓarnar ba, jiragen ruwa masu dakon masara suna wucewa abinsu, ganyen bakin ruwa har ya fara ja. Kowa ya koma gida, har ruwa, sai ke. Yaya zan yi da gidan da komai yake wurinsa amma babu mai taɓawa?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ruwan sama ne ya koro ki cikin gidan baje zane-zanen da nake aiki, gashinki yana ɗiga, kika tsaya gaban zanen shanun nan na zauren sama, kika sa yatsa a jikin katakonsa. Na zo da tsani a kafaɗa, ina ji da kaina, na ce miki ba a taɓawa. Ko kallona ba ki yi ba kika ce, “To ka gyara shi mana, ya karkace.” Na duba, kuma ya karkace ɗin, ni na rataye shi da hannuna. Tun ranar ban sake samun kaina daidai ba sai a kusa da ke, ya ke ruwan sanyin da na sha na manta ƙishi.

Ba zan kare kaina ba. Da ruwa ya taso a watan Afrilu aka kira mu wurin aiki, domin ɗakin ajiyar zane-zanen yana ƙarƙashin ƙasa. Kwana uku muna hawa da sauka, zane ɗaya mutum biyu, da safar hannu, ba gudu ba gaggawa. Sau biyu kika kira ni. Kika ce, “Vernon, ruwa ya kai matakala ta uku a ɗakinmu na ƙasa.” Na ce miki ina zuwa, saura kaɗan. Allah ya sani, a raina saura kaɗan ɗin ne. Mai irin aikina in ya ɗauki zane ba ya ajiyewa sai ya kai, in ya kai kuma sai ya hango wani. Ko zane ɗaya bai jiƙe ba, har jarida ta yabe mu. Na dawo gida ina jiran sannu, na tarar da ke zaune a matakala, akwatin hotunan mahaifiyarki a gabanki yana tsiyayar laka.

Abin da kika faɗa yana nan a kunnena. “Ka ceci kakannin mutanen da ba su san da zamanka ba, ka bar uwata a cikin laka.” Sai kika ce in kai akwatin nan bola kada ki sake ganinsa.

Ban kai ba, masoyiyata. Abin da na rubuto in gaya miki ke nan.

A wurinmu takarda in ta jiƙe ba a shanya ta a rana, ba a kuma ɓamɓare ta. Naɗe ta ake yi a daskarar da ita, sai ɓarnar ta tsaya inda take har a samu natsuwa. Ranar da kika tafi na kwashe naman barewa da masarar da ke firizar gareji na raba wa maƙwabta, na sa akwatin a ciki. Ban gaya miki ba don na ji tsoron sake yi miki alkawarin da ba zan cika ba. Gwen, mai gyaran takardun gidan zanen, ita take koya mini duk ranar Laraba bayan an tashi aiki. Ana fitar da ɗan kaɗan, a bari ya narke, a wanke a ruwa mai tsabta, a shimfiɗa fuska sama. Tana tsaye a kaina tana cewa, “A hankali, tsoho, ba guduma ce a hannunka ba.” Ni da na rataye zanen da ya fi gidanmu tsada, ga ni ina koyon aiki a kan hoton yarinya da kare.

Sittin da uku suka tsira. Sauran sun tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Hoton bikin auren iyayenki, wanda kika fi so, na yi masa mako biyu. Rigar tana nan, furannin suna nan, hannun mahaifinki a kafaɗarta yana nan. Fuskarta ce ruwa ya tafi da ita. Na zauna a gabansa na yi kuka har Gwen ta fita ta ba ni wuri. Da me zan biya ki wannan? Babu.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni kunya. Mahaifiyarki ta rubuta sunaye a bayan kowane hoto da tawada, duk sun wanke. Na yanka 'yan takardun bayani kamar yadda muke liƙawa a gefen zane, na ɗauki alƙalami, sai na tsaya. Ki tambaye ni kowane zane a gidan can, zan gaya miki wanda ya yi shi da shekarar da ya mutu. Amma tsohuwar nan mai riƙe da tarwaɗa a bakin kogi, wace ce? Sojan nan mai manyan kunnuwa fa? Shekara talatin da huɗu akwatin nan yana ƙarƙashin ƙafata, ban taɓa cewa ki buɗe ki nuna mini ba.

Ki zo, ƙaunata, ki zo ko na yini ɗaya. Na jera su a teburin cin abinci, daki-daki. Ba sai kin yafe mini ba, ba sai kin cire rigar sanyinki ba in ba ki so. Ki tsaya kawai ki riƙa faɗin sunayen, ni kuma ina rubutawa. Duk duniya ke da Bernice kaɗai kuka rage da kuka san su, ita kuma idonta ya tafi.

Naki ne ni, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da za a sauke ni daga bango a kai ni ajiya,

Vernon