Ni Ma A Yanke Mini Zaman Laraba

Zuwa ga Mai Shari'a, Alƙalin da ke kula da jinyar masu shan ƙwaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Yau Talata nake rubuta takardar nan a ɗakina da ke unguwar Ranuna, nan ƙasa mai tsarki. Gwiwata ta hagu tana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Tari da sauƙi, ba ya tashi sai na yi dariya, kwanan nan kuwa bai tashi ba. Na rubuta da Hausa domin Larabcina na sayen tumatir ne, ba na tsayawa gaban kotu ba. Limamin unguwarmu zai juya maka ita.

Ni ne Haruna, tsohon nan mai sanda da ya yi atishawa sau uku ranar da aka gurfanar da Idirisu gabanka. Idirisu ɗan ƙanwata ne marigayiya, direba, ya haura arba'in. An kama shi da ƙwayoyin hana barci. Maimakon kurkuku, ka ce a yi masa jinya wata shida ƙarƙashin idon kotu, kuma wani daga dangi ya tsaya masa. Dangin ni kaɗai ne, na dangwala hannu. Ba ni da kuka da wannan hukunci. Kukana shi ne ya ƙare.

Na ɗaya. Kotu ta sa mushrif, wato jami'i mai bin sawu, yana zuwa gidana duk Talata bayan azahar. Tun rasuwar matata, shekara tara ke nan, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata a kan kari sai shi. Yakan tambayi yadda Idirisu ke barci da cin abinci, ni kuwa in ba shi amsar mu biyu. Na ga yana rubutawa. Idan ka buɗe fayil, za ka tarar da gwiwata a ciki.

Na biyu. Duk Laraba akwai zaman dangi a gidan jinya: kujeru a zagaye, ɗaki mai sanyi, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ban taɓa fashi ba. A mako na uku aka kawo ƙararrawa, aka ce minti biyar biyar, kuma na san don ni aka saye ta. Na fara ba su labarin tahowata ta ƙasa daga Katsina. Da minti biyar a mako, wata shida ya cika ina tsakiyar Sudan, ko teku ban gani ba. Akwai wata dattijuwa 'yar Cadi da har yau ba ta san ko na ƙwato hulata daga bakin raƙumi ba. Wannan ba adalci ba ne gare ta.

Na uku, laifi ne nawa, gara ka ji daga bakina. Na ga ƙananan kofunan roba masu murfi an jera a tebur, sababbi fil, na zaci tsaraba ce ta dangi, na ɗebi huɗu. Ɗaya kanumfari, ɗaya gishiri, ɗaya maganin hawan jini, ɗaya sukari. Sai ranar da na miƙa wa mushrif na sukarin ya ajiye shayinsa a hankali, ya bayyana mini na gwajin fitsari ne. Murfinsu dai na rufuwa da kyau.

Na huɗu. Idirisu ya warke, alhamdu lillahi. Yana aiki a gonar dabino a Badar, kumatunsa sun ciko. Da can yakan wuni a nan ido jawur, ya share ɗakina sau uku, ya kwance fankata ya kasa ɗaurawa. Ba na fatan wancan Idirisun ya dawo, ko da zan shekara ina hira da bango. Amma da aka rufe fayil, mushrif ya ce zai riƙa leƙo ni wata Talatar don zumunci. Ranar Laraba kuma na shirya na je zama, mai gadi ya mayar da ni, wai ba ni da majinyaci.

To ga majinyaci. Shekara sittin ina cin goro. Duk alamomin da aka koya mana ina da su. Ina ɓoye shi cikin jiƙaƙƙen tsumma a bayan tukunya. Ina yi wa likita ƙarya a kansa. Ina hawa mota har unguwar Aziziya in saya wurin wani mutumin Nijar, muna magana ƙasa-ƙasa. In na wuni babu, har kyanwar maƙwabta nake yi wa tsawa. Ranar Lahadi na kai nawa fitsarin gwajin gidan jinya cikin kwalbar zuma, ba wanda ya tambaya, ba kuma wanda ya karɓa.

Saboda haka ina roƙo a yanke mini wata shida, ba sassauci. Idan doka ba ta san goro ba, akwai wata hanya. A zaman nan akwai wani majinyaci lebura, Mamman, mutumin Maraɗi, wanda kujerar da ke gefensa ba a taɓa zama a kanta ba, domin danginsa na can gida. Ba ya cewa komai, ƙararrawa ba ta taɓa kama shi ba. A ba ni kujerar nan, in zama kawunsa. Shi ya sami dangi, ni in sami minti biyar ɗinsa in haɗa da nawa, mu ƙetare teku kafin Ramadan.

Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya tsare maka zuriya daga ƙwaya, ya ba ka mai ƙwanƙwasa ƙofa ranar tsufa.

Wassalam.

Haruna, kawun Idirisu.

Ƙari: Tun azahar na ɗora shayi, na juye sukari cikin kwano na mutunci, kofunan nan huɗu na wanke su na ɗaure a leda. An kira la'asar, ga shi ana kiran magariba. Mushrif bai zo ba.