Idon Umaima

Abban Khalil,

Na fita kana barci, kada jirgin Silver Spring ya wuce ni. Kununka na cikin fulas.

Jiya malamar da ke shirya su Umaima neman jami'a ta kira ni. Ta yi mata gwajin intabiyu irin na manyan jami'o'in nan, wai har aka gama kan 'yarka na sunkuye. Da aka ce ta faɗi bajintarta, sai ta ce, "Ba komai, ƙoƙarin malamaina ne." Malamar ta ce su a wurinsu wannan tsoro ne ko rashin gaskiya.

Wallahi mu muka koya mata haka, ni har ranƙwashi na sha yi mata. Ga shi ranar Asabar za a yi na gasken.

Don Allah kafin ta tafi makaranta ka zaunar da ita, ka yi mata tambayoyin, ka ce ta kalle ka cikin ido. Kada ka ɓata rai in ta yi. In ta iya kallon idonka, na kowa ma za ta iya.

Mairo