Itacen Layin Baya

Madawaska, Maine
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ovila,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da matarka Rolande. Maigidana Wilfrid ma yana gaishe ku. Na rubuto ne don na san ko na buga waya ba ji za ka yi ba, sai dai ka yi ta cewa "eh, eh" har mu gama.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi, sai dai cin abinci ya ragu ƙwarai. Likita ta zo ta duba shi, ta ce kada mu sa ran zai ga ƙarshen hunturu. Ni wata rana ya gane ni, wata rana ya ɗauke ni marigayiya Mama. Sunanka kuwa bai ambata ba tun zuwanka na bazara.

Na san abin da ya hana ka dawowa. Ina tsaye bakin ƙofa lokacin da ya tambaye ka ko kai ne mai gyaran famfo, na kuma ga fuskarka. Amma ciwo ne, Yaya, ba da gangan ya yi ba. Idan ka jira sai ka huce, ba za ka same shi ba.

Rolande ta gaya mini ka harbo barewa bana. Ka kawo masa naman, ka taho da baƙar tukunyarsa ta ƙarfe. Wataƙila in ya ɗanɗana abin da ya saba ci a gida, wani abu ya faɗo masa. Ban yi maka alkawari ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Armande

Tracadie, New Brunswick

Armande,

Gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta, Rolande ma ta karanta, sannan ta sake karanta mini da ƙarfi kamar makaho ne ni ba kurma ba.

Zan zo. Ba don wa'azinki ba, dama ina da niyya. Na fito da motar nan mai ɗaki daga rumfa, na share gidan ɓera daga tanda, na gwada firiza tana yi. A cikinta zan kwana a ƙofar gidanku, don ba zan iya da munsharin mijinki ba, wanda ko ni nakan ji shi. Na yanka naman na ɗaure a leda, ya daskare kamar dutse. Takardar farauta na aljihuna.

Sai dai kin manta abu guda. Baba bai taɓa dafa barewa a kan gas ba, kuma ba a bakin kabarinsa zan fara koya masa ba. A garwashi yake binne tukunyar, garwashin ma na itacensa. Itacen yana nan bayan gida layi uku yadda ya bar shi: na gaba na bana, na tsakiya na baɗi, na baya wanda ya faskara da hannunsa a watan Maris, kafin ya faɗi ki zo ki ɗauke shi. Daga na bayan na ɗiba. Sawun gatarinsa yana nan a jiki, kin san yadda yake sara a karkace. Na cika ma'ajiyar ƙarƙashin gado, sauran na jera a banɗaki.

Rolande ta leƙo ta ce, "To in fitsari ya matsa ka a hanya, sai ka nemi izini wurin itace?" Na ce da ita daji yana da faɗi.

Ki sa ran ganina ranar Alhamis mai zuwa.

Yayanki,
Ovila

Madawaska

Yaya Ovila,

Ina gaisuwa. Na aiko wannan da gaggawa, Allah ya sa ta riske ka kafin ka tashi.

Ka sauke itacen nan. Ba sa barin itacen girki ya ƙetaro gadar kogin da ta raba ƙasarku da tamu, saboda ƙwaron da ke cinye bishiyoyi. An kafa allo bakin iyaka, kowa a garin nan ya sani. Wilfrid ya ce itace na nan jibge a gidanmu, busasshe, ka zo ka ƙona har ka gaji. Nama kawai ka kawo da takardarsa. Kuma don Allah kada ka tsaya gardama da mutanen kwastan yadda kake yi da mai shagon fetur.

Zan yi wainar ploye ranar Alhamis. Kada ka bari ta huce.

Taka,
Armande

Tracadie
Ƙarshen Nuwamba

Armande,

Bayan gaisuwa. Na iso gida lafiya. Na san kina jiran bayani kan abu biyu: me ya sa na zo Juma'a maimakon Alhamis, me ya sa kuma na tafi ban yi sallama ba.

Takardarki ta same ni kafin in tashi. Na karanta, na sa a aljihu, na ta da mota. Na ce a raina itacen Baba ba shi da ƙwaro, ƙwaron da ya shiga itacen Baba ma ai tsoro zai kashe shi.

A kan gada wata ma'aikaciyar kwastan ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarki ba. Ta tambaya ko ina ɗauke da nama, na ce barewa, na miƙa takarda. Ta shiga ta buɗe firiza ta duba, ta ce nama ya wuce. Sannan ta buɗe banɗaki, itace guda biyu suka gangaro mata a ƙafa.

Ta ce, "Kawu, wannan fa?"

Na ce, "Itace ne."

Ta ce, "Na ga itace ne. Ina za shi?"

Na ce wurin mai shi. Na gaya mata komai, ban san me ya sa ba, ni da ko limamin cocinmu ban gaya wa ba. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Allah ya ba shi sauƙi. Amma ko guntu ɗaya ba zai haye ba. Ko ka bar mana, ko ka juya da shi." Na ce in na bar muku me za ku yi da shi? Ta ce za a lalata. Na juya. Ban yi gardama ba, ki rubuta ki ajiye.

A ɓangarenmu akwai filin da masu irin motata suke kwana, bakin kogi. An rufe shi saboda sanyi, amma mai filin, wani tsoho Laurier, ya buɗe mini sarƙa. Daga wurin ana hango rufin cocinku, har na yi zaton na gane bishiyar ƙofar gidanku. Na sauke itacen duka na haɗa wuta da rana tsaka.

Bai so kamawa ba. Yana ta tsuwa yana tsiyayar ruwa ta gefe, hayaƙi fari mai yaji. Laurier ya fito yana tari ya ce, "Kai, gawa kake ƙonawa ko katifa?" Na ce nama nake dafawa. Ya ce, "To Allah ya ji ƙan naman." Duk da haka ya kawo kujera ya zauna, ya taya ni fifita.

Zan gaya miki wautar da ke raina, ki yi dariya in kin ga dama. Na ce tunda itace ba ya ƙetarewa, hayaƙi ai ba mai tambayarsa takarda. In ya haye kogin ya shiga ta tagar Baba, shi ke nan. Iska kuwa wunin ranar daga wajenku take busowa. Duk hayaƙin a kaina ya ƙare, ni da Laurier da karensa.

Garwashin da na samu bai kai ya kawo ba, amma naman ya nuna. Washegari na haye da tukunyar, yarinyar nan ta kwastan ta buɗe murfi ta leƙa, ta leƙa banɗaki, ta ce in wuce.

Sauran kin gani da idonki. Na cire rigar sanyi a ƙofa don kin ce ina wari, na zauna gabansa na ba shi a baki. Ya ci cokali biyu, ya goge baki, ya dube ni da ladabi ya ce, "Na gode, bawan Allah. Daga nesa kake?" Na ce daga nesa. Da kika shiga kicin ɗauko ploye, na fita na shiga mota. Abin ya yi mini ciwo fiye da na farko, kuma ba na son ki sake ganin fuskata.

Sauran naman na firizarku, ku ci. Na manta rigata a maƙale bayan ƙofa, ki ba Wilfrid in ta shige shi.

Yayanki,
Ovila

Madawaska
Farkon Disamba

Yaya,

Ina gaishe ka, da Rolande. Ban yi dariya ba. Wilfrid ya ɗan yi, amma a waje.

Rigarka ta kwana uku bayan ƙofa, duk gidan ya ɗauki ƙauri. Ranar Litinin na ɗauko ta zan kai wanki, na bi ta ɗakin Baba don in gyara masa matashi, na ajiye ta a kan gadonsa. Da na juyo na tarar ya jawo ta ya kifa fuskarsa a ciki. Ya daɗe a haka, har na ji tsoro. Sannan ya ɗago, ransa a ɓace, irin ɓacin ran da muka sani tun muna yara.

Ya ce, "Wa ya taɓa mini layin baya?"

Na ce, "Wane layi, Baba?"

Ya ce, "Kada ki mai da ni yaro, Armande. Ɗanyen itace aka ƙona. Ovila ne. Kullum na gaya masa sai itace ya ga bazara biyu, ba ya ji. Yana ina?"

Na ce ka koma gida.

Ya ce, "Ki gaya masa ya fara da na gaba. Na bayan bai yi ba tukuna, ya bar shi."

Ya yi ta mita, har ya tuno wata shekara da ka cika gida da hayaƙi ranar Kirsimeti, wadda ni na manta. Bayan abincin rana hankalin nasa ya sake tafiya, ya tambaye ni ko jirgin ruwa ya shigo. Amma rigar ya hana ni ɗauka. Tana kan ƙafafunsa yanzu da nake rubutu, kuma ba zan wanke ta ba.

Na isar da saƙo yadda aka ba ni. Jikin nasa yana ƙara yin ƙasa.

Ƙanwarka,
Armande

Tracadie

Armande,

Gaisuwa. Ki gaya masa na ji, zan fara da na gaba.

Na ɗebi guda uku daga layin baya na ƙona jiya a tsakar gida, na tsaya cikin hayaƙin da ɗaya rigar tawa har Rolande ta rufe tagogi. Ina tafe ranar Asabar, babu itace babu nama. In na shigo, kada ki ce in cire riga a ƙofa.

Yayanki,
Ovila