Wai Shinshinawa Kawai Take Yi

Laraba, bayan isha'i, Birnin Kudu

Har yanzu ƙafafuna zugi suke, kuma duk Alhaji Sabo dillalin motoci ne ya ja mini. Na faɗa masa ƙarara, mota nake so mai ƙarfi, wadda za ta kwaso mini gero daga kasuwar Sara ba ta kafe a yashi ba, amma kada ta ƙarar da ni wajen mai. Ya dafa wata ja, ya ce, "Malam Habu, wannan ba shan mai take ba, shinshinawa kawai take yi. Ga makulli, gwada ta har Gwaram, idonka a kan allura."

Ƙarfi kam akwai, ba zan yi mata ƙarya ba. Na tashi allurar mai tana kan rabi, na isa Gwaram ba ta motsa ba. Har albarka na riƙa sa wa Alhaji, wai ni na yi tsintuwa!

A hanyar dawowa ta yi tari biyu ta mutu, rana tsaka, babu ko ɗan bumburutu a kusa. Da ƙafa na taka na nemo galan ɗaya na mai na zuba mata. Wani bakanike da ya zo wucewa ya leƙa ya tuntsire da dariya: "Malam, ai allurar nan ta daɗe da rasuwa."

Na kira Alhaji, wai ƙaddara ce. Ƙaddara! Da furfurarsa!

Gobe a gaban jama'a zan miƙa masa makullinsa. Da ƙyar ta kawo ni gida, tanki ƙaf, allura tana nan kan rabi ko kunya babu. Ita da dillalinta bakinsu ɗaya.