Tambayar Inna

Zuwa ga Yayana Nanjunda,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Lisi. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku zafin Maskat. Mu nan Mandya lafiya lau. An sare rake, an girbe tamba, maigidana Basawaraju na fama da bayansa kamar kullum, 'yata Hema kuma ta sauka lafiya, namiji. Inna gwiwa ce kawai ke damunta, bakin nan nata kuwa garau yake.

Na gaya maka labarin zuwan 'yarka Nidhi a waya, amma akwai abin da ba ya faɗuwa Inna na zaune tana kasa kunne, shi ya sa na ɗauki biro. Ka san tun da ka auri Lisi Inna ba ta sake kiran sunanka ba, sai dai ta ce "wancan", kuma ba ka manta ranar da Lisi ta kai mata abinci ta ture kwanon ba. To, yarinya ta iso, ta durƙusa ta taɓa ƙafar kakarta. Inna ta ƙare mata kallo, ta tambaye ta ko ta ci abinci. Nidhi ta yi murmushi ta ce "ayitu", wato na ci. Ashe kai ka koya mata, ka ce a ƙasarmu tambayar gaisuwa ce kawai, ko yunwa na cin mutum haka yake amsawa. A kan titi gaskiyarka ce, in mai shago ya tambaye ka ba tukunya zai ɗora maka ba. Sai dai ka daɗe a waje, ka manta a ƙofar madafar Inna ba gaisuwa ba ce.

Haka aka yi ta yi, safe ayitu, rana ayitu. A wajena take kwana, a wajena take ci, ɗana Girisha kuma ya ɗauke ta a babur suna zaga gari. Ta ci dosa, wainar nan ta shinkafa mai man shanu, ta ci gurasar shinkafa da yajin kwakwa, ta sha mamakin yadda muke jefa mazarƙwaila a miya, da farko ta yatsina fuska, daga baya har ƙari take nema. In ta dawo sai ta zauna gaban Inna tana ba ta labarin daɗin girkin mutane. Ita kuwa Inna kullum malmala biyu take tuƙawa na mudde, tuwon tambarta, ta ci ɗaya, ɗayar da ta tuƙa don jikarta ta kai wa saniya. Ta ce mini yarinyar nan ramuwa ta zo yi wa uwarta. Nidhi kuma ta ce mini ta gane kakarta ba ta son ta, tunda ba ta taɓa cewa zo ki ci ba. Yaushe Inna ta taɓa ce wa wani zo ka ci? Tambaya take yi, ta jira.

Na zuba musu ido, don ka san halinta, in aka roƙa wa mutum abu a wajenta sai ta fasa. Da na ga tafiyar yarinya ta matso, sai na hana ta karin kumallo, na ce yau in an tambaye ta ta faɗi gaskiya. Ta faɗa. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ɗora ruwa.

Da aka ajiye mata malmala da miyar ganye, Nidhi ta gutsura ta hau tauna. Abu ya liƙe mata a haƙori da ganɗa, ta kasa gaba ta kasa baya, idonta ya kawo ruwa. Inna ta ce, "Ke, wa ya ce miki ana tauna mudde? Ubanki dai ba abin da ya koya miki sai ƙarya." Ta matso, ta yanko 'yar loma, ta mulmula, ta tsoma a miya, ta sa mata a baki ta ce ta haɗiye. Haka ta yi ta ba ta da hannunta, yarinya na cewa ya isa, Inna ta yi kamar kurma. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, na fita tsakar gida na bar su.

Basawaraju na gaishe ka, Girisha da Hema na gaida Kawu. Ka gaida mini Lisi da kyau, ka ce 'yarta ta yi kumatu. Saura saƙo ɗaya. Jiya ina wanke-wanke Inna ta tsaya a bayana, ta tambaye ni ko har yanzu ina rubuta wa Nanjunda. Da bakinta ta faɗi sunan. Ta ce in tambaye ka ko ka ci abinci. To, na tambaye ka. Ka yi tunani kafin ka amsa.

Ƙanwarka,
Sarojamma